Na tsaya wa ɗan yayana a gaban alƙalin yara a Jidda

Ni tela ne a Jidda. Yayana ya riga ni zuwa ƙasar nan da daɗewa, a nan ya yi aure, a nan aka haifa masa duk 'ya'yansa. Na ƙarshensu, wanda kowa a gida ke kira Auta, shi jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka kama a tsakiyar 2023 da ƙwayar kaftagon a aljihu, kuma ba shi ne karo na farko ba. Zan faɗi yadda shari'ar ta gudana tun daga kamu har hukunci, saboda na ga mutanenmu da yawa a Jidda da Makka suna faɗawa irin wannan hali ba su da abin riƙewa sai jita-jitar majalisa. Wannan ya ce sare kai ne, wancan ya ce a haɗa kuɗi a ba wane, zai fito da yaro kafin Juma'a.

Abin da ya sa ni na tsaya ba uban ba, Yaya ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kwance, magana ma da ƙyar take fita. Tun da ya daina aiki igamarsa, wato katin izinin zama a Saudiyya, ta mutu, ta matarsa da ta yaran suka bi ta. Uwar Auta ba ta isa ta tunkari ƙofar hukuma ba, don katinta za a fara tambaya. Yayyensa maza ma haka. Ni kaɗai ne a dangi mai igama da rai. Da aka kira wayar gidan da dare ana neman waliyyin yaro, ni uwar tasa ta kira. "Baffan yara, sun tafi da Auta," abin da ta iya faɗa ke nan. Na ce, "Hajiya, ki turo mini lambar da ta kira ki, kuma kada kowa ya fita daga gida."

Yaron da bai cika shekara 18 ba, ba a haɗa shi da manya a wurin tsaro. Akwai doka ta musamman a kan yara masu laifi, Nizamul Ahdas, wadda aka fitar a 2018. Ita ta ce a sanar da waliyyi nan take, a kuma kai yaron gidan da ake kira Darul Mulahaza, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar kula da ma'aikata da jin daɗin jama'a, ba hukumar gidajen yari ba. Can aka tura ni. Tambayar farko da aka yi mini ba ta shafi ƙwaya ba. An ce in kawo takardar hukuma da ke nuna ranar da aka haife shi.

A lissafin gida Auta yana da shekara 17 da wata uku, muna ganin da sauransa. Ashe dokar da kalandar Hijira take ƙirga shekaru, ita kuwa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11. Idan aka tara wannan gibin, wanda ya kai shekara 17 da wata biyar da rabi a Miladiyya ya riga ya cika 18 a wurin kotu. Tsakanin Auta da shari'ar manya bai wuce wata biyu da 'yan makonni ba. Idan babu takarda, likita ake tura yaro ya kimanta shekarunsa, shi kuwa Auta dogo ne, gashin baki ya fara fito masa.

Na je gidan da asuba. Hajiya ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadon Yaya, wadda ta sha ƙaura da su. A cikinta akwai fasfo ɗin da suka daɗe da mutuwa, da katunan rigakafi, da hotunan suna. Takardar haihuwar tana cikin ledar dabino, an ninke ta huɗu, layin ninkin ya fara cin rubutu, amma ranar haihuwa da hatimi suna nan sarai. Ta riƙe ta da hannu biyu ta ƙi saki. Sai da na ce, "Hajiya, wallahi hoto kawai za su ɗauka, ni zan dawo miki da ita da hannuna," sannan ta sakar mini. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan takarda ya tsaya, kuma na san gidaje da yawa a cikin Takari, wato mutanenmu mazauna ƙasar nan, da aka haifi yara a ɗaki, ba su da ko irinta.

Karon farko ya faru a 2020, lokacin korona, makarantu a rufe, yara na yawo a lungu. Yana da shekara 14 aka same shi da 'yan ƙwayoyi da wani babban saurayi ya ba shi ya kai wa wani. Wanda bai cika 15 ba, doka ba ta yanke masa irin hukuncin manya, matakan gyara take ɗora masa: tsawatarwa da gargaɗi, ko a miƙa shi ga iyaye, ko a hana shi zuwa wasu wurare, ko a sa jami'in jin daɗin jama'a ya riƙa bibiyarsa. Alƙali ya miƙa shi ga ubansa, Yaya ya sa hannu cewa zai kula, aka yi ta bibiyarsa na wani lokaci. Yaron ya natsu, kowa shaida ne.

Daga nan abubuwa suka taru. Kuɗin da baƙo ke biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, wanda aka fara a Yulin 2017 da riyal 100 a wata, ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 duk wata kafin ya sayi buhun shinkafa. Yaya na fama da wannan ciwo ya kayar da shi. Da igama ta mutu, makaranta ta tsaya wa Auta. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 kuma rusau ya ci tsofaffin unguwannin Jidda, su Gulel da Karantina da Sabil, inda Hausawa suka yi shekara da shekaru. Gidan Yaya na Gulel ya tafi, suka koma haya can gefen gari. Malamin allon da ke tsawata wa yaran layi ya yi nasa wuri, tsofaffin da ke zama bakin masallaci suna ganin shige da ficen kowa suka watse. Ba don in wanke Auta nake kawo wannan ba. Yara nawa ne suka shiga irin wannan ƙunci ba su taɓa ƙwaya ba? Yayyensa ma a gidan suke, dako suke yi a kasuwar kayan miya. Na kawo ne don shi ma alƙali sai da ya nemi ya san wannan tarihi kafin ya buɗe baki.

A kwanakin farko ba wanda ya yi barcin kirki. Tun Nuwamban 2022 aka koma zartar da hukuncin kisa a kan laifukan ƙwaya bayan an dakata fiye da shekara biyu, a Afrilun 2023 kuma aka shiga gagarumin kame a duk faɗin ƙasa. Kowa ya ji cewa wanda aka kama da dillanci karo na biyu, kisa ne. Wata maƙwabciya ta zo tana kwantar wa Hajiya hankali da labarin ɗalibar nan ta Kano da aka saka wa ƙwaya a jaka a filin jirgi, aka kama ta a Madina a ƙarshen 2018, daga baya gaskiya ta fito aka sake ta. Na ce, "Baba, waccan ba ta san komai ba. Namu a aljihunsa aka samu, kuma ya san abin da ya ɗauka." Ta ji haushina, amma ban ga amfanin mu rataya zuciyarmu a inda ba za ta tsaya ba.

Wani abokin cinikina ya haɗa ni da lauya, ɗan ƙasa ne amma jinin Hausawa, irin waɗanda ake wa laƙabi da Hausawi. Hausar kakarsa yake yi, tsohuwar Hausa mai daɗin ji, yana cakuɗa ta da Larabci. Ya zaunar da ni ya ɗauko dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2005, ya bi da ni sashe-sashe. Sashe na 37 shi ne na kisa: masu fasa-ƙwaurin ƙwaya zuwa cikin ƙasa, da wanda aka taɓa yanke wa hukuncin dillanci ya sake. Sashe na 38 na wanda ya mallaka ko ya sayar ko ya kai wa wani da niyyar dillanci: ɗaurin shekara 5 zuwa 15, da tarar riyal 1,000 zuwa 50,000. Sashe na 41 na mai sha ne kawai: wata 6 zuwa shekara 2.

Sannan ya ɗora dokar yara a kai. Ya ce, "Baffa, ka saurara da kyau, nan ne ran yaronku yake." Wanda ke tsakanin 15 da 18 ba a ɗaure shi a gidan yari, a Darul Mulahaza ake ajiye shi, kuma tsawon zaman ba zai wuce rabin iyakar hukuncin manya ba. Rabin 15 shi ne 7 da rabi. Mafi ƙarancin nan na shekara 5 kuwa bai ɗaure hannun alƙali ba, yana iya saukowa ƙasa da haka. Ko da laifin na kisa ne a wurin babba, in dai ba haddi ko ƙisasi ba ne, yaro ba zai wuce shekara 10 ba. Hukuncin da aka yi wa yaro kuma a littafin gidan ake rubuta shi, ba ya zama tabon da za a ƙirga masa kamar na manya. Na tambaye shi bulala, don ita Hajiya ke ta ambata. Ya ce tun 2020 aka daina bulala a hukuncin ta'aziri, wato wanda ba haddi ko ƙisasi ba, tara ko ɗauri ake yi a madadinta. Da na fito daga ofishinsa na tsaya a gindin bene na kira ta, na ce, "Hajiya, ba kisa, ba bulala." Sai na ji salati da kuka sun cika gidan.

Masu gabatar da ƙara, wato Niyaba, a cikin gidan suka yi masa tambayoyi, ina zaune a gefe, da jami'in gidan. A nan na ji abin da ban so ji ba. Ƙwayar da aka same shi da ita ba ta da yawa, ba ta cika tafin hannu ba. Amma wayarsa ta tona sauran. Saƙonni ne na watanni, ana turo masa wuri, yana kaiwa, ana ba shi riyal 50, wani lokaci 100. Mai turo shi kuwa, Auta bai san sunansa na gaskiya ba, laƙabi kawai ya sani, da lambar da ake canjawa kullum. An gwada fitsarinsa ba a samu komai ba. Na yi hamdala a raina, sai lauya ya nuna mini ɗaya fuskar: tunda ba ya sha, babu mai cewa don kansa ya riƙe, sashe na 41 ya fita ke nan, saura na dillanci tsantsa.

Wannan shi ya fi ƙona mini rai a duk lamarin. Masu wannan sana'a sun san dokar yara fiye da iyayen yaran. Sun san an sassauta wa ɗan shekara 16, shi ya sa shi suke nema, musamman wanda ba shi da igama, ba makaranta, uba na kwance. Doka ta tsananta hukunci a kan wanda ya yi amfani da ƙaramin yaro, amma sai an kama shi tukuna. A Afrilun 2021 an kama ƙwayar kaftagon fiye da miliyan 5 a tashar jiragen ruwa ta Jidda, an cusa ta cikin rumman da aka taho da shi daga Labanon. Masu irin wannan dukiya ba su taɓa taka lungun da Auta ke kai saƙo ba. Shi ne bakin zaren da ke waje, shi hannu ke fara kamawa.

Kafin a shiga kotu, dole gidan ya rubuta rahoto a kan yaron: halinsa, gidansu, karatunsa, abin da ya kai shi ga laifi, da shawarar abin da zai gyara shi. Jami'in da aka ba aikin ya ce yana son ganin gidan. Hajiya ta ce sam, ai kai kanka ne ga tarhil, wato a kore ka daga ƙasa. Yayyen suka ce za su bar gidan ranar. Na yi ta lallashi, lauya ma ya yi mata magana ta waya, ya ce rahoton da aka rubuta daga nesa ba zai yi nauyin wanda aka gani da ido ba. Ta yi kwana tana istihara, da safe ta ce a zo.

Ya zo bayan la'asar. Ɗaki biyu ne da tsakar gida kamar tafin hannu. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da katifar Yaya, ya gaishe shi, ya jira har Yaya ya gama haɗa amsar, bai katse shi ba. Ya tambayi kuɗin haya, da kuɗin magani, da wanda ke biya. Ya tambayi ajin da Auta ya tsaya. Hajiya na bayan labule tana amsawa, muryarta na rawa. Da ya tambayi wa ke yi wa Yaya wanka da juya shi da dare, ta yi shiru, can ta ce, "Auta ne." Ni kaina ban san haka ba sai ranar. Ya rubuta. Ta miƙo shayi ta ƙasan labule, ya sha, ya yi wa Yaya addu'a ya tafi. Bai tambayi katin kowa ba. Ban ce haka za ta kasance ga kowa ba, namu dai haka ya kasance.

Ranakun ziyara ni nake zuwa, don mai kati ne ke shiga. An aske masa kai, ya rame, idonsa kullum a ƙasa. Larabcinsa ya fi Hausarsa ƙarfi nesa ba kusa ba, amma da ni Hausa yake lalubowa. Tambayarsa ɗaya ce kullum: "Baffa, wa ke juya Baba?" Wata rana na tambaye shi me ya yi da kuɗin. Ya ce wani ya sayi magani da kunzugun manya, wani ya sayi takalmin ƙwallo da waya. Na ji daɗi da bai ɓoye mini rabin na biyun ba. Na ce masa haka zai faɗa wa alƙali, kada ya ƙara, kada ya rage.

Zaman kotun ba irin wanda mutane ke zato ba ne. Ba taro, ba 'yan kallo. Ɗaki ne da tebur, alƙali da magatakardansa, mai gabatar da ƙara, lauya, jami'in gidan, Auta, sai ni. Aka karanta tuhuma, aka nemi a hukunta shi da sashe na 38, aka ambaci abin da ya faru a 2020. Alƙali ya tambaye shi ko gaskiya ne, ya ce gaskiya ne. Ya tambaye shi ko an tilasta masa yin iƙirari, ya ce a'a. Ya tambaye shi sau nawa ya kai saƙo, ya ce bai ƙirga ba amma da yawa. Sai ya ce, "Ya waladi, ka san su wa ke ɗauka bayan ka ajiye?" Ya ce bai sani ba. Ya ce, "To ni na sani. Suna zuwa gabana a wannan ɗakin, wasunsu ba su kai ka ba. Iyayensu mata ma suna kuka kamar taka." Auta ya kifa kai a kan tebur.

Ban ji alƙalin ya zalunce shi da wannan magana ba. A layinmu na da akwai yaron da ƙwaya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, ya ɗaga wa uwarsa hannu, yanzu yana asibitin masu fama da shaye-shaye. Wani ne ya kai masa ta farko, kuma wanda ya kai ɗin ma ƙila riyal 50 aka ba shi. Mu dangin mai laifi muna yawan cewa "ai ɗan kaɗan ne". Wanda ya sha bai san da wannan lissafi ba. A nan zan ƙara wani abu da iyaye ya kamata su sani: sashe na 42 ya ce mai shan da ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka kai shi, ba a gurfanar da shi, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa. Wannan ƙofar ta mai sha ce. Mai kai wa wasu ba ta buɗe masa.

Alƙali ya juyo kaina ya ce waliyyi na da magana? Na shirya jawabi tun dare, amma da na tashi abu uku kawai na iya faɗa. Na ce ya yi laifi, ba mu musa ba. Na ce ubansa ya ɗauki alkawari a karon farko kuma ya riƙe shi har ranar da ciwo ya kayar da shi. Na ce idan ya fito ni zan riƙe shi a shagona. Lauya ya yi nasa bayanin a kan ƙarancin ƙwayar, da iƙirarin da ya yi tun ranar farko, da cewa babba ne ya yi amfani da shi, ya kuma roƙi a duba rahoton gidan. Aka ɗaga zama.

Ranar hukunci alƙali bai yi gaggawa ba, sai da ya faɗi abin da ya auna. A gefe guda, ba sau ɗaya ba ne, an taɓa yi masa gargaɗi, kuma da hankalinsa ya koma. A ɗaya gefen, ƙuruciya, da ƙarancin abin da aka kama, da gaskiyar da ya faɗa, da halin gidan, da shaidar da jami'ai suka yi masa ta ladabi da salla tun shigarsa. Ya yanke masa zaman shekara 2 a Darul Mulahaza, a ƙirga daga ranar da aka kama shi, da tarar riyal 3,000, a kuma ƙwace wayar. Daga shekara 7 da rabi zuwa 2, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Sai ya karanta layin ƙarshe: bayan ya gama, a fitar da shi daga ƙasa.

Lauya ya riga ya gaya mini wannan na nan tafe. Sashe na 56 ne: ɗan ƙasa ana hana shi fita waje na wani lokaci bayan ya gama hukunci, baƙo kuwa ana tasa ƙeyarsa, ba zai dawo ba sai ta hanyar da ƙa'idojin Hajji da Umara suka yarda. Sani daban, ji daga bakin alƙali daban. Auta ya dube ni ya ce, "Baffa, ina za a kai ni?" Na ce gida. Ya ce, "Wane gida?" A Jidda aka haife shi, bai taɓa taka Nijeriya ba, Kano a bakin uwarsa kawai yake jin ta. Haihuwa a ƙasar nan ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Shekara biyun nan duk mun san za su wuce. Wannan layin shi ne hukuncin da ba ya ƙarewa, kuma shi ne yaranmu ba sa sawa a lissafi lokacin da ake miƙa musu riyal 50. Abokinsa ɗan ƙasa da suka yi laifi iri ɗaya zai gama ya koma ɗakin uwarsa. Shi kuwa jirgi zai hau.

Ana ba da kwana 30 don ɗaukaka ƙara. Lauya ya gaya mini gaskiya cewa batun fitarwa nassin doka ne, da wuya ya motsa. Duk da haka Hajiya ta ce a gwada, kada ta zauna tana cewa da ma. Aka rubuta, aka shigar, kotun sama ta tabbatar da hukuncin yadda yake. Abin da muka samu shi ne wata buƙata daban. A ƙa'ida, wanda ya cika 18 yana tsare ana mai da shi gidan yarin manya ya ƙarasa, sai in kotu ta ga dacewar a bar shi. Auta ya riga ya cika tun ana cikin shari'a. Gidan ya rubuta cewa ya koma karatu, yana halartar haddar Alƙur'ani, yana koyon aikin lantarki, kotu ta amince ya ƙarasa a can. A ganina wannan ya kai rage shekarun muhimmanci, domin ba a zaunar da shi cikin manyan dillalai ya ƙaro ilimin abin da ya kai shi ba.

Doka ta kuma ba da damar neman saki bisa sharaɗi bayan yaro ya cinye rubu'in zamansa. Gida ya rabu biyu a kan wannan. Yayyensa suka ce a nema. Hajiya ta ce ita ba ta san abin da take so ba: ba ta iya zuwa ganinsa, muryarsa kawai take ji a waya, amma ko banza tana jin gari ɗaya suke kwana. Na kai masa maganar. Ya ce, "Baffa, in na fita yanzu da me zan je can? Bari in gama koyon aikin." Muka bar shi a haka. Tarar kuwa 'yan'uwa teloli da wata ƙungiyar matan unguwa masu adashi suka taimaka aka haɗa.

Da wa'adi ya cika aka kai shi Shumaisi, cibiyar da ke kan hanyar Jidda zuwa Makka inda ake tara waɗanda za a fitar. Ba shi da fasfo mai rai, don haka ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda ya yi masa takardar tafiya ta gaggawa, nan ma takardar haihuwar nan da tsohon fasfon Yaya suka yi aiki. Na haɗa masa jaka: kaya kala huɗu da na ɗinka masa irin na gida, takardar shaidar koyon lantarki, da lambobin waya a rubuce a takarda. Uwarsa ba ta gan shi ba har ya tashi.

Yanzu yana Kano wurin ƙanwarmu, a Kurna. Yaran unguwa na kiransa ɗan Takari suna kwaikwayon Hausarsa, abincin ma sai a hankali yake sabawa. Mijin gwaggon tasa ya haɗa shi da wani mai haɗa wutar sola, yana bin sa aiki, an ce hannunsa na da kyau. Na gaya wa mijin komai tun kafin ya sauka, ban ɓoye masa dalilin dawowar ba, don a Kano ma ƙwaya ba ta yi ƙaranci ba, kuma ina son a sa masa ido irin na wanda ya san abin da yake tsaro.

Hajiya ta yanke shawarar ba za ta ƙara shekara a nan ba. Mun fara bin hanyar samar mata da Yaya takardar fita ta ƙarshe, likita kuma ya ce zai iya hawa jirgi in an samu keken marasa lafiya da mai rakiya. Yayyen Auta biyu sun ce za su bi su, ɗaya ya ce shi tukuna. Ni ina karɓar ɗinkin dare don kuɗin tikiti, ƙanwarmu kuma tana neman musu ɗaki biyu a ƙasa kusa da ita, wanda ba sai an hau bene da Yaya ba.